Ranar da Inna Ta Kira Zabinta

Ƙanen babanmu, wanda muke ce wa Baba Ƙarami, ya mutu da sunan maharbi. Ranar sadakar ukunsa na ji wani dattijo a ƙofar gida yana cewa a zamaninsu ba a yi mai hannu irinsa ba a Maraɗi, sauran suna ta gyaɗa kai. Ina cikin gida ina tuƙin tuwon sadaka, na ja tsaki har matar da ke riƙe mini tukunya ta ɗago ta dube ni. Mutumin nan tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa kashe ko kurciya ba. Bindiga dai yana da ita, mai baki biyu, tana rataye a zaure har tsatsa ta cinye ta, kuma ina wurin ranar da ya same ta.

Lokacin Maraɗi tana can kwari, ruwan Gulbi bai kore mu zuwa tudu ba, Annasara kuma suna bariki suna mulkinsu. Ni na zo gida haihuwar fari, na gama wanka, dangin mijina ba su zo ɗaukata ba tukuna. Babanmu ya riga ya rasu. Inna tana zaune a ɗakinta cikin gidan gado, Baba Ƙarami shi ne babba a gidan, don babu wani namijin da ya rage.

Babanmu manomi ne, da rani kuma ya ɗauki ƙerensa, wato sandar jifa, ya kira karensa ya bi zabi da fakara a dajin Jiratawa. Yana salla, yana azumi, amma bai taɓa sa ƙafa a daji da niyyar farauta ba sai an buɗe shi. Haka ƙasarmu take a lokacin. Daga faɗuwar damina daji a ɗaure yake, ba mai jifan tsuntsu, ba mai sakin kare, har sai Arnan Tibiri sun yi abin da suke yi, Sarkin Dawansu ya ce an buɗe. Mutanen gari sukan yi musu dariya a bakin masallaci, su ce aikin jahilci ne. Amma duk mai dariyar nan, ka ce masa ga daji shiga, sai ya tuna yana da wani uzuri a kasuwa.

A daminarsa ta ƙarshe baba yana noma a gefen gonar kawunmu, ƙanen Inna da ke Jiratawa, sai zabuwar daji ta tashi daga ƙarƙashin hauyarsa ta bar ƙwai. Ya zuba su cikin hula ya kawo wa Inna. Ta sa wa wata kaza mai kwanci, aka ƙyanƙyashe. Wanda bai taɓa renon 'ya'yan zabi ba bai san wahala ba. Raɓa ta taɓa su su mutu, sanyi ya buge su su mutu, wani lokaci ma haka nan kawai su kwanta su miƙe ƙafa don ganin dama. Inna takan kife tukunya da kashin shanu da kara a kan gidan gara, da safe ta kwaso musu garar. In hadari ya taso ta tattara su cikin zane ta shige da su ɗaki. Ba su gama fitar da gashi ba baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Daga waɗannan ne garken ya yaɗu, har suka haura ashirin. Zabin unguwarmu duk masu farin ƙirji ne, wasu ma fari fat, masu nauyin jiki kamar agwagi. Na Inna kuwa baƙaƙe ne masu ɗigo-ɗigo tun daga wuya har wutsiya, sirara, ga tsoron mutane. Ko ni ba sa yarda in matso. Tana alfahari da wannan, in wata ta zo neman ƙwai takan ce, "Nawa ba irin na gari ba ne, ɗiyan dawa ne." Da rana su yi yawonsu har bakin Gulbi, su kwana kan tsamiyar bayan gida. Kowace safiya kuma sai ta buɗe ɗakin baba, wanda ba wanda ya shiga tun rasuwarsa, ta tsaya a ƙofa da ƙwaryar ɓarzajjen gero, ta ƙwanƙwasa bakin ƙwaryar da zobenta, ta kaɗa harshe: kurrr, kurrr, kut-kut-kut. Baba ne ya koya mata kiran. Duk inda suke sai su taho a guje, su shige ɗakin su ci, ita kuma ta zauna a bakin ƙofa tana yi musu hira, har da ba su labarin wanda ya yi aure da wanda ya mutu.

To, Baba Ƙarami dillalin gyaɗa ne. Aikinsa ya tsaya gindin sikelin kantin Annasara yana yi wa manoma tsawa. Ya iya kalmomin Faransanci da ba su cika hannu ɗaya ba, kuma duk na cewa to ne. In motar Kumandan, Annasaran da ke mulkin garin, ta wuce, ko da tana can nesa ba wanda ya gan shi, sai ya cire takalmi ya durƙusa, in ta ɓace ya tashi ya kakkaɓe gwiwa yana duban mutane kamar shi aka gaisar. Abu ɗaya ne ya hana shi barci a duniya, izinin riƙe bindiga. A lokacin ba kowa ake ba ba, sai sarakai da manyan attajirai, shi kuwa yana so a gan shi cikinsu. Ya kai wa tafintan Kumandan rago, ya kai masa zuma, ya kai masa buhun shinkafa, tafinta ya ci ya goge baki ya ce a ƙara haƙuri.

Ana nan bayan girbi sai aka ce Kumandan zai yi baƙo, wani babban Annasara daga Damagaram, kuma baƙon ba abin da yake so kamar harbin zabi, a Jiratawa kuma za a yi farautar. Aka aika Tibiri a turo maharba da karnuka. Sarkin Dawa ya ce daji a ɗaure yake. Kumandan ya san halinsu, don ya taɓa sa gardi, wato dogaran bariki, suka koro su da bulala, maharban suka wuni suna zagayawa da shi cikin ƙaya suna tari da ƙarfi, ya dawo ko gashin tsuntsu bai gani ba. Tafinta ya rasa inda zai sa kansa. Nan Baba Ƙarami ya ga ƙofa ta buɗe, ya ce a bar masa.

Ya hau jaki ya tafi Tibiri wajen Sarkin Dawa da goro da taba. Da ya dawo, a tsakar gida ya tsaya yana ba da labari da ƙarfi don kowa ya ji irin basirarsa.

"Na ce mishi, tsoho, in zabo na gida ne, anka kai shi bakin gona anka halbe, an taɓa dawa? Yac ce ba a taɓa ba. Yac ce abin da ke tsakaninka da kajin gidanku, dawa ba ruwanta. Kun gani? Magana ta ƙare."

Wato tsohon ya karɓi goronsa ya wanke hannunsa. Shi dai kada a shiga masa daji, sauran kuwa ko gidan wa za a rusa ba damuwarsa ba ce.

Inna tana tankaɗe a gindin turmi, ba ta ko ɗaga kai ba, sai da ya zo ya tsuguna a gabanta yana murmushi.

"Yaya, aron zabbinki ni ka so."

"Aro?" in ji ta. "Abin da za a halbe ake aro?"

"Zan maye miki da wasu, manya, masu nama."

"Ka tahi ka sayi masu naman ka kai mishi."

"Haba Yaya. Annasara wawa ne? Ya ga zabo da hwarin ƙirji ya ce na dawa ne? Duk garin ga naki ɗai ke kama da na dawa, ke da bakinki kike hwaɗi."

Inna ta ce ba ta bayarwa. A garinmu kuwa kazar mace tata ce, ko mijinta bai isa ya kama ya yanka ba sai ta ce to, balle ƙanen miji. Ya san haka sarai. Sai ya gyara zama, murmushin ya tafi, ya ɗauko muryar da yake yi wa manoma.

"Wa ya kawo ƙwan? Yayana. Abin da mamaci ya bari gado ne, kuma ba a raba ba. Ni ne babba a gidan ga."

"Ƙwai ya bari cikin hula," in ji Inna. "In gado kake so, ga hular can rataye, ɗauka."

Na yi dariya daga cikin ɗaki, ya ji ni, ya tashi ya fita yana kaɗa riga. Muka ɗauka maganar ta mutu.

Washegari da safe Inna ta yi kiranta, zabi suka shige ɗakin baba suna ci. Sai ga Baba Ƙarami da 'yan dakon gyaɗarsa, ashe suna laɓe a zaure suna jira. Ɗaya ya ture Inna gefe, suka faɗa ɗakin suka ja ƙyaure. Abin da na ji ba zan manta ba, kuka da fuka-fuki da zagi, tukwanen baba suna faɗuwa suna fashewa. Shi gogan bai shiga ba, yana waje yana ba da umarni ta jikin ƙyaure, don kada a yage masa fuska. Aka fito da su ɗaure cikin kwanduna, aka ɗora wa jakuna. Matan maƙwabta suna leƙe ta saman darni. Inna tana tsaye da ƙwarya a hannu, ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Da jakunan suka fita sai ta shiga ɗaki ta ɗaura gyale, ta juye sauran geron cikin ƙwaryar ta rufe da faifai.

"Goya ɗiyarki," ta ce mini. "Jiratawa za mu."

Muka bi sawun jakuna ta gefen Gulbi, rana na dukanmu, ni ga jikin da bai gama komawa ba. Muka sauka gidan kawu. Kawu mutumin kirki ne, amma in ya ji an ce gardi sai ya nemi wurin ɓuya. Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, abin Annasara ne." Inna ta ce ba ta zo neman ya yi faɗa da kowa ba, bukkar gonarsa kawai take so ya bar mata. A gonar da ke maƙwabtaka da tasa za a saki zabin. Niyyarta da an sake su ta kira su zuwa bukkar ta rufe, kafin Annasara su iso.

Da sassafe muka shige bukkar. Daga nan muna hangen fili, an kwashe gero an sare kara, sai wani babban gawo a tsakiya da tarin kara a gindinsa. Can gaba kuma kurmi ne mai duhu da ya bi bakin Gulbi, daga nan daji ya fara. Baba Ƙarami ya iso cikin babbar rigarsa ta salla, wai shi ya zo farauta. Ya sa aka watsa gero a fili, a tunaninsa zabin za su tsaya su yi ta ci har a zo a harbe su. Aka kwance kwanduna.

Ko kallon geron ba su yi ba. Ƙafarsu na taɓa ƙasa suka miƙe wuya suka zuba a guje, kafin a ce me, sun shige kurmi sun yi tsit. Inna ta dafe ƙirji, a karo na farko tun jiya na ga haƙoranta.

"Sun tahi gidan ubansu," ta ce. "A bar su nan. In kowa ya watse da marece, na kira abina."

Da hantsi motar Kumandan ta iso. Kumandan gajere ne mai jan wuya, baƙon kuma dogo da tumbi, kowanne da hula kamar an kife masa ƙwarya. Bayansu ga tafinta, ga gardi, ga kuku da akwatunan abinci, har da kujeru da tebur. Babanmu da ƙere ɗaya da goran ruwa yake wuni a daji, waɗannan kuwa sai da aka kwaso musu rabin bariki kafin su iya harbin tsuntsu.

Baba Ƙarami ya tare su da durƙuso, yana nuna kurmi da hannu biyu. Aka ce 'yan dako su shiga su koro zabin. Nan fa ake yinta. Zabin gida ne, gaskiya, amma yanzu suna cikin dajin da ke ɗaure, kuma ba wanda ya tambayi Sarkin Dawa hukuncin wannan. 'Yan dakon suka jeru a iyakar gona, ƙafafunsu a cikin huda, suka miƙa sanduna suna dukan ganyen da hannunsu ya kai, suna ihu. Wani gardi ya hankaɗa ɗaya ciki, ya yi tsalle ya fito kamar ya taka garwashi. Shi kansa gardin bai shiga ba. Baba Ƙarami, wanda ya fi kowa iya zagin Arna a bakin masallaci, yana ta kai da komo yana cewa, "Ku shiga mana, matsorata!" amma tsakaninsa da ganyen farko akwai tazarar da doki zai wuce. Ina ganinsa yana shafa layun da ke damtsensa ta cikin riga.

Kumandan ya fara faɗa, wuyansa ya ƙara ja. Tafinta yana fassara wa Baba Ƙarami, kuma daga yadda ya riƙa sunkuyawa na san ba addu'a ake yi masa ba. Na toshe baki da gefen zane ina dariya har hawaye. Rabona da jin daɗi irin na wannan hantsi tun kafin rasuwar baba.

Da rana ta take, sai duk suka koma bayan gawo, tarin kara ya kare mana su. Ihu ya tsaya. Muka kasa kunne, ba mu ji komai ba sai kukan kurciya. Jaririyata ta yi barci a bayana. Can sai muka ga hayaƙi yana tashi daga bayan karan, ta wajen kurmi, siriri da fari, sannan ya yi kauri.

Inna ta miƙe tsaye. "Wuta sunka sa," ta ce. "Sun kasa shiga, za su ƙone su ciki."

Na ce, "Inna, tsaya mu gani tukun."

Ba ta ji ni ba. Ciyawa ta bushe a lokacin, ga iska, kuma ta sha ganin yadda wutar daji ke yi wa tsuntsun da ya laɓe. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita bakin bukka, ta ƙwanƙwasa da zobe, ta buɗe murya iyakar ƙarfinta: kurrr, kurrr, kut-kut-kut.

Suka fito. Wani tsohon zabo mai karkataccen ƙaho a ka shi ne a gaba, sauran na biye da shi a jere, kawuna ƙasa, suna gudun nan nasu na kowace safiya. Ba su tashi sama ba, don ba tsoro ne ya fito da su ba. Hanyarsu daga kurmi zuwa bukka kuwa ta gaban gawon ta bi.

Harbin farko ya ɗauke tsohon zabon. Jaririyata ta farka ta tsala ihu. Inna ta daina kiran nan take, amma sun riga sun hango ta, suka ci gaba da tahowa ta cikin gashin 'yan'uwansu da ke tashi. Aka sake harbi, aka sake. Wasu suka tashi sama suka yi kwana, maimakon su koma kurmi sai suka sake sauka suna neman inda muryar take. Inna ta yar da ƙwarya ta shiga fili tana kaɗa gyale tana korarsu, tana cewa, "Ku koma! Ku koma!" Ba su san wannan kiran ba. 'Yan kaɗan ne suka firgita suka juya suka faɗa daji.

Na bi ta a guje, sai ga mu a inda muke ganin bayan karan. Ba wanda ya sa wa kurmi wuta. Kuku ne ya kafa duwatsu uku ya hura ɗanyen kara yana dafa wa iyayengijinsa kafe, wato gahawarsu. Annasaran sun riga sun haƙura da farautar, sun jingine bindigogi sun zauna, direba har ya juya kan mota. Baƙon ma ko tashi daga kujera bai yi ba, daga zaune ya yi harbinsa, a kan tsuntsayen da ke tafiya a ƙasa suna zuwa cin abinci. Kumandan yana buga masa kafaɗa yana yaba masa.

Baba Ƙarami kuwa ya tattare babbar riga ya zaro wuƙa, yana bin gawarwakin ɗaya bayan ɗaya yana yanka, yana bisimilla da ƙarfi don a shaida. Yawancinsu sun daɗe da mutuwa, wuyan ma lanƙwashewa yake a hannunsa. Wani ɗan dako ya ce, "Wannan ai mushe ne." Ya daka masa tsawa ya ce shi ya ga ƙafa ta motsa. Duk wanda ya ɗaga, ya ga ƙafa ta motsa.

Baƙon ya nuna Inna yana tambaya. Tafinta, wanda ƙarya ba ta taɓa yi masa wuya ba, ya ce wata tsohuwa ce ta daji mai asirin kiran tsuntsaye, kuma Baba Ƙarami ne ya tanade ta don ta ba su mamaki. Annasara ya buɗe baki, ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba a duk yawonsa, in ya sake zuwa lalle a kawo masa ita. Ya sa kuku ya miƙa mata kwalin sukari. Hannunta bai motsa ba, ni aka danƙa wa. Baba Ƙarami ya matso, hannunsa duk jini, bakinsa har kunne.

"Yaya, Allah shi yi miki albarka. Yau kin hid da ni kunya."

Na so in tofa masa yawu a fuska, kuma har yau ina jin haushin ban tofa ba. Inna ba ta dube shi ba. Ta koma ta tsinci ƙwaryarta, ta kakkaɓe, muka kama hanyar Maraɗi. A hanya ta ce in gyara wa yarinya wuya.

Kowa ya fita da mutuncinsa a ranar. Baƙo ya koma Damagaram da labarin zabin daji, Kumandan ya fita kunyar baƙonsa, tafinta ya tsira da aikinsa, a Tibiri aka ce a gona aka yi harbi, daji na nan a ɗaure. Baba Ƙarami ya sami izininsa kafin wata ya mutu, ya sayo bindiga ya rataye, ya fara ba da labarin yadda shi da Kumandan suka yi wa zabi ɓarna a Jiratawa. Da shekaru suka ja, Kumandan ya fita daga labarin, ya rage shi kaɗai. A daren farautar ya aiko wa Inna da zabi biyu a faranti, wai rabonta. Ta haƙa rami a gindin tsamiya ta binne su. Sukarin kuma ta ajiye a ɗakin baba, tururuwa suka shanye.

Ranar wata kasuwa sai ga kawu ya zo gaishe ta. Ya ce waɗanda suka tsira suna nan, ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Kullum da la'asar sai su fito daga kurmi su zo bakin bukka su tsaya, wuya a miƙe, suna dube-dube. In ya matso ba sa gudu sosai, sai su ja baya kaɗan su sake tsayawa.

"Ke suke jira, Yaya," ya ce. "Kuma an kusa buɗe dawa. In karnuka sunka shigo, waɗanga su za a hwara kamawa, don ba su san gudu ba. Ki zo ki kira su, in ɗauko miki su cikin kwando."

Baba Ƙarami yana zaure yana shafa wa bindigarsa man gyaɗa, ashe kunnensa na wajenmu. Ya leƙo da fara'a ya ce wannan shawara ce mai kyau, a dawo da su su yi ƙwai su yaɗu, ai baƙon Kumandan ya ce zai dawo baɗi.

Inna ta bari sai da ya koma zaure, sannan ta dubi kawu.

"In na kira, zuwa za su yi," ta ce. "Ba ni kira. In sun hito gobe, ka ɗauki hogen ƙasa ka jehe su. Jibi ma ka jehe su. Kada ka zuba musu ko ƙwaya ɗaya, kada ka bari kowa ya zuba. Ka yi ta jihwa har in sun hangi mutum su tashi."

Kawu ya ce, "Yaya, naki ne fa."

"Shi ya sa," in ji ta.

Dangin mijina suka zo suka ɗauke ni kafin a buɗe daji. Ƙwaryar nan Inna ta sa mini cikin kaya, ta ce in riƙa yi wa yarinya wanka da ita. Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, har ta ga an koma tudu, amma ko kaza ba ta sake ajiyewa ba, kuma ban sake jin wannan kiran a bakinta ba.

A bazarar da ta biyo bayan farautar na zo ganin gida, na tarar da kawu ya zo. Suka gaisa, suka yi maganar iri da ta ruwa, har ya ɗauki sandarsa zai tafi. Sai Inna ta tambaye shi, tana kallon ƙasa, "Sun bar zuwa?"

"Sun bari," ya ce. "Na ƙarshe sai da na same shi a hiffike kahin ya daina."

Ta ce alhamdu lillahi. Ta tashi ta shiga ɗakin baba ta ja ƙyaure, ranar ba ta ci tuwo ba.